Mota da Keke: Rigimar Wa Ke da Titi

Da yammacin Talata, 15 ga Oktoba, 2024, wani matashi ɗan shekara 27 mai suna Paul Varry yana tafe bisa kekensa a titin Malesherbes da ke tsakiyar birnin Paris. Sai ga wata ƙatuwar jif ta biyo layin da aka keɓe wa masu keke, don ta kauce wa cunkoso, har ta take masa ƙafa. Zafi ya sa ya daki murfin motar yana faɗa. A cewar masu gabatar da ƙara, direban ya ɗan ja da baya, sannan ya karkato sitiyari ya bi ta kansa. A nan wurin rai ya yi halinsa. Direban mutum ne mai shekara 52, kuma 'yarsa tana cikin motar sa'ad da abin ya faru. Ya ce shi ba da gangan ya yi ba, amma tuhumar da aka yi masa ta kisan kai ce.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya, masu keke suka yi dafifi a garuruwan Faransa da dama suna zaman makoki da zanga-zanga. Abin da ya fito da su ya wuce mutuwar mutum ɗaya. Kusan kowannensu yana da nasa labarin na zagi, ko tofin yawu, ko motar da ta matse shi da gangan har kafaɗarsa ta gogi madubi.

Paris ta sauya ƙwarai a shekaru goman da suka gabaci wannan rana. Tun da Anne Hidalgo ta zama magajiyar gari a 2014 aka shiga yanka wa keke layi daga cikin titunan mota. A 2020 aka hana yawancin motocin gida bin babban titin Rivoli, a 2021 kuma aka taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a mafi yawan titunan birnin. Wani bincike da aka fitar a 2024 ya nuna kashi 11 cikin ɗari na zirga-zirgar cikin Paris da keke ake yin ta, mota kuwa ba ta wuce kashi 4 da ɗoriya ba. Direban da ya saba titi nasa ne daga wannan gefe zuwa wancan ya wayi gari an rage masa fili. Mai keke kuma ya yi yawa, amma layinsa bai gama haɗewa ba, nan akwai shinge, can sai zanen fenti, gaba kaɗan kuma ya ɓace cikin motoci. A irin waɗannan wurare ne ake haɗuwa, ake kuma saɓawa.

Ba Faransa kaɗai ba ce. A Fabrairun 2011, a birnin Porto Alegre na Burazil, wani direba ya ratsa tsakiyar ayarin masu keke da motarsa, mutum fiye da goma suka jikkata, daga baya kotu ta yanke masa ɗaurin sama da shekara 12.

Me ke sa mutumin da ke da ladabi a gida da kasuwa ya zama wani daban da zarar ya riƙe sitiyari ya hango keke a gabansa? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin wannan tambaya. A 2019 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Alexa Delbosc ta Jami'ar Monash da ke Ostareliya suka nuna wa mutum 442 wani zane mai hawa-hawa, daga biri ko kyankyaso har zuwa cikakken mutum, suka ce kowa ya nuna matakin da yake ajiye mai keke. Kashi 55 cikin ɗari na waɗanda ba sa hawa keke ba su kai shi matakin cikakken mutum ba. Kashi 17 na waɗanda aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa sun taɓa tare mai keke da mota da gangan, kashi 11 kuma sun taɓa matse shi da niyya. Wannan sakamako abin tsoro ne. Wanda ba a ganinsa a matsayin uban wani ko ɗan wani, sai dai cikas a hanya, ba a jin nauyin firgita shi.

Kafin nan, a 2006, Ian Walker na Jami'ar Bath a Ingila ya ɗaura wa kekensa na'urar auna tazara, ya bi titunan Salisbury da Bristol yana lissafin yadda motoci sama da 2,000 suka wuce shi. In ya sa hular kwano, direbobi sukan ƙara matso shi da kimanin santimita 8 da rabi. In ya sa dogon gashin kanti aka ɗauka mace ce, sai a ƙara masa kimanin santimita 14. Sau biyu aka buge shi yayin binciken, bas sau ɗaya, babbar mota sau ɗaya. Masana sun yi ta ja-in-ja a kan batun hular, amma akwai abin da binciken ya fito da shi fili: cikin ƙiftawar ido direba yake yanke hukuncin filin da zai ba mutum, kuma da siffarsa yake aunawa.

Direbobi ma suna da ƙorafi, kuma ba duka ne na banza ba. Akwai masu keken da ba sa tsayawa a danja, masu bin hannun da ba nasu ba, masu fitowa cikin dare ba fitila ba ƙararrawa, masu hawa gefen da masu tafiya a ƙasa ke bi. A Fabrairun 2016, a Landan, wani matashi a kan keken tsere marar birkin gaba ya buge wata mata mai suna Kim Briggs tana tsallaka titi, ta rasu bayan kwanaki. Da aka je kotu sai aka tarar babu dokar zamani da ta dace da laifin, dole aka koma ga wata ta shekarar 1861 da aka yi domin masu keken doki, aka ɗaure shi wata 18. Wanda ya hau keke ya karya doka mai laifi ne, ba wani kwana-kwana.

Sai dai laifi tudu ne. Direban da ke ƙirga masu keken da suka tsallake danja ba ya ƙirga sau nawa shi ya wuce gudun ƙa'ida, ko ya duba waya yana tuƙi. Kuma ko da laifin ya zo ɗaya, ɓarnar ba ɗaya ba ce. Ƙarfin bugun abu mai tafiya yana ƙaruwa da nauyinsa, sannan in gudu ya ninka biyu ƙarfin sau huɗu yake ninkawa. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 50 tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan ninki ɗari na mutum da kekensa masu kilo 90 da ke gudun kilomita 20. Shi ya sa a Birtaniya ake rasa masu keke wajen ɗari a kowace shekara, mafi yawansu a karo da mota, alhali masu tafiya a ƙasa da keke ke kashewa a shekara yatsun hannu sun isa ƙirga su.

Akwai wata magana da direbobin Birtaniya ke yawan jifan masu keke da ita ta taga: ba kwa biyan harajin hanya. Gaskiyar ita ce tun 1937 aka daina ware harajin mota domin gyaran hanya a ƙasar. Kuɗin baitulmali suke shiga, hanya kuma daga aljihun kowa ake gina ta. Tarihi ma yana goyon bayan keke, domin ƙungiyoyin mahaya keke ne suka fara fafutikar a gyara hanyoyi a Amurka da Ingila tun a shekarun 1880, kafin mota ta yaɗu. Batun lalata kwalta kuwa, gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in nauyin da ke kan gatarin taya ya ninka biyu, ɓarnar kusan sau 16 take ninkawa. A wannan ma'auni tirela ce mai cin titi, keke ko a lissafi ba ya shiga.

A ƙarshen Janairun 2022 Birtaniya ta sabunta ƙa'idojin hanyarta bisa wannan fahimta: wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ne ya fi ɗaukar nauyin kula. Direban babbar mota ya kula da na ƙarama, na ƙarama ya kula da mai keke, mai keke ya kula da mai tafiya a ƙasa. Aka ce a bar tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi wajen wuce keke, a kuma buɗe ƙofar mota da hannun da ya fi nisa da ita, don jiki ya juya ido ya ga mai tahowa daga baya. Mataki ne mai kyau, amma doka a takarda ba ta faɗaɗa titi.

Ƙasar da ta fi kowa nisa a wannan fage ita ce Holan, kuma ba haka aka haife ta ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ita ma ta rungumi mota, aka rushe unguwanni don a shimfiɗa manyan tituna, filayen wasan yara suka koma wurin ajiye motoci. A 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a hanyoyinta, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Cikin yaran har da 'yar wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wadda mota ta buge tana kan keke. Rubutun da ya yi a jarida shi ya ba da suna ga wata ƙungiya, Stop de Kindermoord, wato a daina kisan yara. Iyaye mata suka riƙa fitowa suna tare tituna, suna baje tebura a tsakiyar kwalta yara na wasa. Ana cikin haka rikicin mai na 1973 ya zo, gwamnati ta hana fita da mota ranakun Lahadi na wani lokaci, mutane suka ga yadda garinsu yake in babu hayaniyar inji.

Ba wa'azin zaman lafiya tsakanin direba da mai keke aka yi ba. Injiniyoyi aka sa aiki. Inda mota ke gudu, aka raba ta da keke da dakali ko shinge. Inda dole su cakuɗu, kamar cikin unguwa, aka matse titin aka rage gudu zuwa kilomita 30. Aka sake fasalin mahaɗa da shataletale yadda direba mai shan kwana zai ga mai keke ta gabansa, ba ta bayan kafaɗa ba. A yau ƙasar tana da hanyoyin keke wajen kilomita 35,000, kekuna sun fi mutane yawa, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiye da keke ake yi. Dokar diyya ma ta karkata ga mai rauni: in mota ta yi karo da keke, inshorar motar ce ke biyan aƙalla rabin asarar ko da mai keken ne da kuskure, in kuma yaro ne ɗan ƙasa da shekara 14, duka za ta biya. Mutuwar hanya ta sauko zuwa tsakanin 600 da 750 a shekara, duk da ƙaruwar jama'a da motoci. Ba a ce an gama ba, domin a 'yan shekarun nan masu keken da ke mutuwa sun fi na cikin mota yawa, galibinsu dattawa. Amma gabar nan ta mu da su ta yi sauƙi, saboda direban Holan shi ma mahayin keke ne, 'ya'yansa kuma a keke suke zuwa makaranta.

A ƙasar Hausa rigimar tana da wata fuska. Can Turai ana zargin mai keke da girman kai, nan kuwa raini ne ke bin sa. Keken Raleigh da a da malamin makaranta da manomin gyaɗa ke tinƙaho da shi ya koma shaidar rashi a idon mutane da yawa. Mai mota ya danna masa ham, ɗan a-daidaita-sahu ya matse shi zuwa bakin kwata, a bi shi da "Kai mai keke, ka gaji da duniya ne?" Ko minista bai tsira ba: a 2001 Ojo Maduekwe, ministan sufuri na lokacin, wanda ke kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, wata bas ta tura shi cikin rami a Abuja yana kan nasa.

Amma keke yana dawowa, ko an so ko ba a so ba. Hana babura a Maiduguri a 2011 ya cika garin da kekuna, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa da dama a garuruwan Arewa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Titunan da suke fitowa a kai kuwa an zana su ne kamar kowa mota gare shi. Ana kashe biliyoyi a gadar sama, ba a ware ko mita biyu a gefe ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Gwamnatocin jihohin da ke ba da kwangilar sababbin tituna a Kano da Kaduna da Maiduguri su sa layin keke mai shinge a cikin zanen tun kafin a zuba kwalta, domin a lokacin ne ya fi araha. Kafin a kai ga haka, direban da ya tarar da keke a ƙuntataccen wuri ya ɗaga ƙafa daga totur, ya jira hanya ta buɗe, ya ba shi mita ɗaya da rabi sannan ya wuce.