TABON HAZO A HUHU: YAUSHE YAKE ZAMA ABIN TSORO?

Sau da yawa mutumin Gubuchi ko Maƙarfi da tari ya ƙi sakinsa akan tura shi Zariya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Idan aka ɗauki hoton ƙirjinsa da na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield na Ingila ya ƙirƙiro aka fara gwada ta kan majiyyaci a 1971, akan ga wani ɗan tabo a huhu mai kama da hazon hunturu, watau ya yi dishi-dishi amma ana hango jijiyoyin jini ta cikinsa. Hoton ƙirji na yau da kullum ba kasafai yake nuna shi ba.

To, mai karatu ya sani, wannan tabo alama ce kawai, kuma abubuwan da ke haddasa shi suna da yawa. Ciwon huhu ko kumburi ko ɗan zubar jini kan bar shi, sa'an nan ya ɓace cikin 'yan watanni. An ga irinsa birjik lokacin annobar korona a 2020. A ƙasarmu kuwa, tilas likita ya fara kawar da shakkar tarin fuka ta hanyar gwajin kaki, aikin da cibiyar Saye ta shahara a kansa.

Wanda ya ƙi ɓacewa shi ne abin lura, domin yana iya zama farkon wata irin sankarar huhu mai tafiyar hawainiya, wadda takan kama har matan da ba su taɓa shan taba ba. Ƙa'idar ƙungiyar Fleischner ta 2017 ta ce tabon hazo zalla da bai kai milimita 6 ba, galibi ba ya bukatar bibiya. Idan ya kai, a sake hoto bayan wata 6 zuwa 12, daga nan duk shekara 2 har shekara 5. Amma idan akwai ƙulli mai tauri a tsakiyarsa, sai a koma bayan wata 3 zuwa 6, kuma girman ƙullin shi ke sa a yi shawarar tiyata. Waɗanda aka yi wa aiki tun ciwon bai bazu ba, kusan dukkansu sukan warke.

A ganinmu, babban haɗari ga manomin rake shi ne kuɗin hoto da na mota su hana shi komawa, ko tsohon hoton ya ɓata, alhali da shi likita zai gwada sabon ya san ko tabon ya ƙaru.