Idan kwamfutocin ofis sun daina ganin uwar garke, daga ina za a fara bincike?

A ƙananan ofisoshin gundumar Arlit, da zarar takardun aiki sun ƙi buɗuwa sai a ce "rezo ya ɗauke", a ɗora laifin kan Airtel ko Moov. Sau da yawa ba ruwan kamfanin waya. Babbar kwamfutar da ke ajiye takardun ofis, wadda ake kira uwar garke, tana magana da sauran kwamfutoci ne ta wayoyin da ke cikin ginin, ko da intanet ko babu. Ga ma'aikacin da ke Gougaram wannan bambanci yana da tsada, domin kiran mai gyara daga Arlit na nufin kuɗin mota da jiran kwanaki, jama'a kuma na tsaye a bakin ƙofa.

Tambayar farko ita ce: kwamfuta ɗaya ce ta rasa hanya, ko dukansu? Idan ɗaya ce, a duba wayarta. Ƙurar Ayar tana shiga bakin da ake soka wayar, zafi kuma yana busar da ɗan maƙallin roba har ya karye. Idan ƙaramar fitilar da ke bakin ba ta ƙyaftawa, a gwada wata waya. Irin wannan waya ba a son tsawonta ya wuce mita 100.

Idan dukansu ne, to akasari wuta ce. Arlit da Akokan suna shan lantarkin SONICHAR daga Anou Araren, a karkara kuwa sola ce ko injin gurup, kuma kowanne yana yankewa. In wutar ta dawo, uwar garke ba lallai ta tashi da kanta ba, sai in an saita ta haka. Wani lokacin maɓalli kawai take jira a danna.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne adireshi. Kowace na'ura a ofis tana da lamba, misali 192.168.1.10, kuma akwatin ruta ne ke raba lambobin. Bayan ɗaukewar wuta, yana iya ba uwar garke wata lamba daban. Tana kunne, lafiyarta ƙalau, amma sauran kwamfutoci suna ta sallama a tsohon gida. A Windows, rubuta ipconfig yana nuna lambar kwamfuta. Idan ta fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu lamba daga ruta ba ke nan, sai a koma kan akwatin da wayoyinsa. Idan lambar daidai ce, a rubuta ping tare da lambar uwar garke. In ta amsa, hanya a buɗe take, matsalar ta koma ga kalmar sirri ko manhajar tsaro da ta tare ƙofa. In shiru, a je gabanta a duba ko lambarta ta sauya.

Maganin wannan shi ne a ba ta lamba tsayayya, a rubuta a takarda a liƙa a jikinta. Batirin ondila kuwa, kada a bar shi ga uwar garke kaɗai, a haɗa har da ruta da akwatin raba wayoyi. In an zo kunnawa, ruta ne farko, sai a jira minti biyu, sannan uwar garke, kwamfutocin ma'aikata daga ƙarshe.