Jean-Frédéric Oberlin: faston ƙauye da ya koyar da noma a gonarsa

A ƙauyen Waldersbach da ke tsaunukan Vosges, a gabashin Faransa, har yau ana tunawa da Jean-Frédéric Oberlin, faston da ya shafe shekara 59 yana aiki a can. An haife shi a birnin Strasbourg a 1740. Mahaifinsa malamin makaranta ne, wansa Jérémie-Jacques kuwa masanin harsuna ne.

Da ya isa yankin a 1767, ya tarar da ƙasa mai duwatsu, ga sanyi, ga yunwa, kuma babu hanyar kirki. Manoman ba su saki jiki da baƙo ɗan birni ba, don haka ya fara gwaji a gonarsa. Ya dasa itatuwan marmari, ya kawo sabon irin dankalin turawa, ya nuna yadda ake tara taki. Sai da suka ga amfanin da idonsu suka bi sahu. Da aka zo gyaran hanya da gina gada a kogin Bruche, da kansa ya ɗauki diga.

Ya auri Madeleine-Salomé Witter a 1768, suka haifi 'ya'ya tara. Bayan rasuwarta a 1783, Louise Scheppler, mai aikin gidan, ita ta riƙe yaran. Ta kuma ci gaba da kula da makarantun ƙananan yara na yankin, waɗanda ke cikin na farko a Faransa.

Oberlin ya rasu a 1826. Gidansa ya zama gidan tarihi, kuma sunansa aka sa wa kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio a Amurka.