Duel: Tankar da Ba a Ga Direbanta Ba, Daga Talabijin Zuwa Kaset da Faifai

Duel fim ne da aka shirya wa talabijin a Amurka, tashar ABC kuma ta fara nuna shi a daren Asabar, 13 ga Nuwamba, 1971. Tsawonsa a wannan dare minti 74 ne. Wanda ya ba da umarni matashi ne ɗan shekara 24 mai suna Steven Spielberg, wanda a lokacin yake aikin kwantiragi da kamfanin Universal, yana ɗaukar wasannin talabijin irin su Columbo. Labarin ba shi da rassa. Mutum ɗaya ne cikin ƙaramar mota, tanka ta biyo shi tana neman ransa, har fim ya ƙare kuma ba a faɗi dalili ba.

Marubuci Richard Matheson ne ya ƙirƙiro labarin, daga abin da ya same shi. Ranar 22 ga Nuwamba, 1963, ranar da aka harbe shugaban Amurka John Kennedy, yana kan hanyar komawa gida tare da abokinsa sai wata babbar mota ta manne musu a baya, ta matsa musu lamba har ta firgita su. Shekaru suka shuɗe kafin ya mai da abin gajeren labari, wata mujalla ta buga a 1971, shi ne kuma ya rubuta shi a matsayin fim.

Jarumin, David Mann, ɗan kasuwa ne mai yawon tallar kaya, ya fito daga gida da sassafe cikin jar mota ƙirar Plymouth Valiant zai je ganin wani abokin ciniki. A wani siririn titi cikin busassun duwatsun Kalifoniya ya cimma wata tsohuwar tanka tana jan ciki, tana tuttuɗo baƙin hayaƙi. Ya wuce ta, kamar yadda kowane direba zai yi. Laifinsa ke nan. Tanka ta taso ta sha gabansa, ta sake rage gudu. Ya sake wuce ta, ta bi shi da oda. A gidan mai, yaron da ke zuba mai ya gaya masa tiyon lagiretonsa ya kusa mutuwa, ya ɗauka neman kuɗi ne, ya share zancen. Can gaba direban tanka ya fito da hannu ta taga ya yi masa alamar ya wuce, yana fitowa sai ga mota ta taho gaba da gaba, da ƙyar ya kauce. Nan ya gane ba wasan titi ake yi ba.

Wannan alama ta hannu ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa bin titin Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku, ko na Funtua, ko wanda ya miƙa Tegina. A siririn titi irin wannan, direban ƙaramar mota ba ya ganin abin da ke gaban tirela, sai ya jira direban tirelar ko yaronsa ya ɗaga masa hannu ko ya ba shi sigina. Amana ce tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba, kuma a kanta ake tafiya kullum. Fim ɗin ya ɗauki wannan amana ya karya ta, daga nan tsoronsa ya samo tushe. Mutanen Birnin Gwari, waɗanda suka yi shekaru suna shiga mota da addu'a saboda abin da ke fitowa daga dajin Kamuku da kewayensa, sun san irin zullumin da ke kama matafiyi idan hanya ta yi shiru, ba gida gaba ba gida baya.

Wuri mafi ƙarfi a fim ɗin ba a kan titi yake ba. Bayan tanka ta koro shi a gangare har ya daki shinge, Mann ya shiga wani gidan abinci jikinsa na rawa, ya wanke fuska, ya zauna. Yana ɗaga kai ya hango tankar a fake a waje. Ke nan direban yana cikin ɗakin. Abin da ya gani na mutumin tun safe bai wuce takalmi da hannu ba, sai ya shiga bin ƙafafun mazauna wurin da kallo, kowa kuwa irin takalmin ne a ƙafarsa. Ya zaɓi ɗaya ya tunkare shi, ya sha duka, mutumin ya fita ya shiga wata motar daban. Sai ga tankar ta tashi. Daga baya ya tsaya a wani gidan mai da wata mata ke kiwon macizai, ya shiga rumfar tarho zai kira 'yan sanda, tanka ta zo ta bi ta kan rumfar, ya tsira da ƙyar. A hawan dutse na ƙarshe tiyon nan da ya raina ya fashe, inji ya ɗau zafi, mota ta fara mutuwa tanka na matsowa. Ƙarshenta ya juyo da motar, ya danne totur da jakar takardunsa, ya dire, tankar ta kwashi motar da ke ci da wuta, direban bai ga gaba ba, suka afka kwazazzabo tare.

Dennis Weaver ne ya fito a David Mann. Spielberg ya nace a kansa saboda rawar da ya taka ta firgitaccen ma'aikacin masauki a fim ɗin Touch of Evil na 1958. Wanda ya tuƙa tankar kuwa Carey Loftin ne, gwanin tuƙin ganganci a fina-finai, kuma da gangan aka ɓoye fuskarsa. Ita tankar, Peterbilt 281 ce ta shekarun 1950. An jera wa Spielberg manyan motoci ya zaɓa, ya bar masu shafaffen gaba ya ɗauki mai dogon hanci, domin gilasanta biyu da fitilunta suna ba da kamannin fuska. Ana shafa mata baƙin mai da ƙura kafin a ɗauke ta. A bambarta ta gaba an jera lambobin mota na jihohi daban-daban, abin da ke nuna ba yau ta fara ba. An zaɓi jar mota ne don ta fito sosai a cikin ƙasa mai ruwan toka da ja-ja.

Kuɗin aikin kimanin dala 450,000 ne, an kuma ba shi kwana 10, ya gama cikin kusan 13. An so a ɗauki yawancin fim ɗin a cikin sutudiyo, mota na tsaye ana haska hoton titi a bayanta, Spielberg ya ƙi, ya fita titi na gaske a arewacin Los Angeles. Ya sa aka zana masa taswirar hanyar gaba ɗaya, ya manna ta a bangon ɗakin masaukinsa, kowane wuri da abin da zai faru a cikinsa da inda kyamara za ta tsaya. Tankar ba ta da gudun da ake gani. Dabarar ita ce a sa kyamara ƙasa-ƙasa kusa da taya, a kuma ɗauka inda akwai bangon dutse a gefe, sai ido ya ga kamar tana tashi sama. Da ta faɗa kwazazzabo ba ta yi bindiga ba, duk da masu tashar sun so a ga wuta ta tashi. An bar ta tana mutuwa a hankali, mai na ɗiga, taya na juyawa har ta tsaya, aka ɗora wata ƙara irin ta dabba a kan faɗuwarta. Wannan ƙara Spielberg ya sake amfani da ita a fim ɗinsa Jaws na 1975, lokacin da gawar kifin da ke cikin fim ɗin ke nitsewa. Aikin sautin ya samo wa fim ɗin lambar yabo ta Emmy.

Karɓuwar da ya samu ta sa Universal ta yanke shawarar kai shi gidajen silima a Turai. Amma minti 74 ya yi kaɗan ga silima, don an yanka shi ne daidai da fili na minti 90 wanda talla ke cinye sauransa. Sai aka koma aka ƙara ɗaukar wasu wurare: fitowar mota daga gareji ta ratsa gari, wayar da Mann ya yi da matarsa suna taƙaddama, motar 'yan makaranta da ta mutu a hanya, da mararrabar jirgin ƙasa inda tanka ke tura motarsa ta baya jirgi na wucewa. Fim ya kai kusan minti 90. A 1973 ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Avoriaz a Faransa. A Italiya wasu masu sharhi sun karanta shi a matsayin faɗan talaka da mai hali, fassarar da Spielberg bai amince da ita ba. Amurkawa ba su gan shi a silima ba sai 1983, bayan fim ɗin E.T. ya ƙara ɗaga sunan Spielberg.

Ƙarin yana da riba da asara. Wurin jirgin ƙasa yana cikin mafi kyawun abin da ke fim ɗin. Wayar matar kuwa ta yi bayanin abin da gara a bar mai kallo ya gano da kansa, ta kuma sassauta igiyar da na talabijin ya ɗaure tamau. Babban allo ya tona wani abu ma. Tsofaffin akwatunan talabijin suna cinye gefen hoto, majigin silima kuwa ba ya ɓoye komai, sai ga Spielberg ana hango shi a wasu wurare a kujerar baya. Inuwarsa a gilashin rumfar tarho har yau tana nan ga mai lura.

Da zamanin bidiyo ya zo, kamfanin MCA, uwar Universal a lokacin, ya fitar da Duel a kaset na VHS a shekarun 1980, kuma mai tsawon nan na silima ya saka. Tun daga nan na talabijin ya ɓace daga kasuwa. Kaset ɗin ma ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Amurka na amfani da tsarin NTSC, Najeriya da Ingila kuwa PAL, wanda ke tafiyar da fim a hoto 25 cikin daƙiƙa maimakon 24. Saboda haka fim mai minti 90 yakan dawo kusan 86 a kaset ɗin da ya dace da bidiyon Kaduna ko Kano, muryoyi su ɗan ƙara kaifi, ba tare da an yanke komai ba.

A wannan zamani ne kaset ya sauya kallo a ƙasar Hausa. Shagunan haya suka buɗe, gidajen kallo suka samu abin yi da janareto da benci, fina-finan Indiya da na Sin da na Amurka suna yawo daga hannu zuwa hannu, ana kwafa daga kwafi har launi ya dushe. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ƙirgawa a matsayin mafarin fim ɗin Hausa na kaset. Wasannin talabijin da suka riga shi, irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero a tashar Kaduna, ba su samu gatan da Duel ya samu ba. Ba wani kamfani da ya bi su yana gyarawa yana sake fitarwa duk bayan shekaru, kuma yawancin abin da ake gani nasu yau gutsattsari ne da masu sha'awa suka naɗa a gida suka ɗora a YouTube. Wannan asara ce babba, domin su ne makarantar da 'yan wasan kaset na farko suka taso suna kallo.

Bayan kaset sai faifan VCD, wanda ya mamaye kasuwannin Arewa a farkon shekarun 2000. Faifai ɗaya yana ɗaukar minti 74 zuwa 80, shi ya sa fim mai minti 90 sai an raba shi biyu, a tashi a canja faifai ana tsakiyar zullumi. Duel na talabijin da ya shiga faifai ɗaya cif. Fim ne kuma da ba ya neman tafinta sosai, ba kamar na Indiya da kamfanoni irin su Algaita ke juyawa zuwa Hausa ba, don maganarsa kaɗan ce, inji da oda da birki ne ke ba da labarin.

DVD na Universal ya fito a 2004, ɗauke da hirarraki da Spielberg da Matheson. Hotonsa mai kusurwa huɗu ne irin na tsohon akwati, an kuma sake haɗa sautin don lasifikoki da yawa, abin da wasu masoya fim ɗin suka yi ƙorafi a kai saboda an taɓa wasu ƙararraki na asali. A 2014 aka fitar da Blu-ray cikin wani kundi na fina-finan Spielberg takwas, a 2015 kuma shi kaɗai. Wannan karon an ba shi faffaɗan hoto irin na silima, wato an datse sama da ƙasa kaɗan don ya cika allon zamani.

Sai a Nuwamba 2023, shekara 52 bayan daren farko, Universal ta fitar da faifan 4K, ta kuma haɗa da na talabijin mai minti 74 a matsayin ƙari. Masu sharhi sun yaba gyaran da aka yi wa na silima, amma sun soki hoton na talabijin, wanda aka ɗaga daga tsohon kwafi maras ƙarfi da taimakon kwamfuta har fuskoki suka yi santsi fiye da kima. Wanda ya karɓi fim ɗin a waya daga masu tura fina-finai zai iya gane wanne ke hannunsa cikin sauƙi. Idan akwai motar 'yan makaranta da mararrabar jirgi, na silima ne, minti 86 zuwa 90 gwargwadon inda aka kwafo shi. Idan babu su, na ABC ne na 1971.