Duba Gidan Haya Ta Waya Kafin A Hau Hanya

Duk lokacin da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ta ɗauki sababbin ɗalibai, neman ɗakin haya kan yi zafi. Amma a halin tsaron da ake ciki, ɗalibin Zurmi ko Shinkafi ba zai so ya hau hanya don duba ɗaki kawai ba. Nan ne wayar dillali ke da rana.

A Amurka, kamfanoni irin su Matterport na haɗa hotunan gida yadda mai saye zai zagaya shi ɗaki-ɗaki ta intanet. Mu nan, bidiyon minti biyu a WhatsApp ya wadatar.

A share gidan, a buɗe tagogi, a ɗauka da hantsi. A faro daga zaure zuwa tsakar gida, ɗakuna, banɗaki, rijiya da mitar wuta, ba tare da yankewa ba. Kada a ɓoye tsagewar bango ko inda rufi ke yoyo.

Sai dai a yi hattara: a kashe GPS na kyamara, kada a nuna unguwar, domin gidan da ba kowa ba a shelanta inda yake. Mai neman haya kuma kada ya tura kuɗi sai dillali ya kira shi ta bidiyo daga cikin gidan.