Ƙasar da ke tsakanin jigawa da fadama

Yara, duk ɗan manomi ya san jigawa, ya san fadama. Jigawa rairayi ce, ruwa na sauka take shanye shi. Fadama kuwa laka ce, ruwa yakan kwanta bisanta kwana da kwanaki. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata ƙasa wadda ba kowa ke lura da ita ba. Tana da laushi, tana da albarka, ga ta a shimfiɗe kamar tabarma. Manomi ya gan ta, ya yi murna, ya shuka gero. Cikin watan Agusta sai ganyen geron ya soma yin rawaya, alhali ba a ga ruwa kwance cikin gonar ba. Ruwa ba ya tsami banza. Yau za mu koyi inda ake samun wannan ƙasa, da halinta, da ajin da masana suka sa ta, da abin da ya kamata a shuka cikinta.

1. Ina ake samunta?

Mu ɗauki misalin Gulbin Maraɗi. Gulbin nan ya taso daga ƙasar Katsina a Nijeriya. Ya shigo Nijar, ya bi ta wajen Madarumfa, da Jiratawa, da Maraɗi, da Tibiri, da Gidan Rumji. Daga nan ya sake komawa Nijeriya, ya faɗa cikin Gulbin Rima. Da damana kaɗai yake gudu.

In mutum ya tashi daga tsakiyar gulbi ya nufi tudu, zai fara taka yashin gulbin. Sa'an nan ya shiga fadama. A wurare da dama, bayan fadama zai hau ɗan gangare, ya tarar da fili a shimfiɗe wanda ya ɗara fadama tsawo kaɗan. Bayan filin nan ne zai hau jigawa. Wannan fili ya yi kama da dakalin da ake zama bisansa a ƙofar gida. Don haka cikin darasinmu za mu kira shi dakalin kwari. Da faransanci ana ce masa terrasse.

Gulbi ne da kansa ya gina dakalin. Shekaru dubbai da suka wuce, ruwan sama ya fi na yanzu yawa a ƙasarmu. Gulabe sukan cika su malala, su zuba ƙasar da suka ɗauko daga nesa. Daga baya ruwa ya ci ƙasa, ya yi wa kansa sabuwar hanya mai zurfi. Tsohon wurin da yake malala ya zauna a bisa. Shi ne dakalin da muke gani yau.

Ruwan gulbi ba ya hawa dakali kowace shekara, sai an yi babbar ambaliya. Amma duk abin da ke cikin kwari, gulbi yana iya kai masa. A 1945 ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi, wanda ke cikin kwari, har aka tashi garin aka maida shi bisa tudu. A 1989 aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a Nijeriya, bisa wannan gulbi. Tun daga nan ruwan ba ya malala yadda yake yi a da.

2. Da me aka yi ta?

Kowace ƙasa tana ƙunshe da ƙwayoyi iri uku. Girmansu ne ya bambanta su.

Na farko rairayi, sable da faransanci. Girman ƙwayarsa daga milimetir 2 ne zuwa milimetir 0,05. Ido yana ganin ta.

Na biyu turɓaya, limon da faransanci. Girman ƙwayarta daga milimetir 0,05 ne zuwa milimetir 0,002. Taushinta kamar na garin da aka tankaɗe.

Na uku yumɓu, argile da faransanci. Ƙwayarsa ba ta kai milimetir 0,002 ba. Da shi ake gina tukwane.

A ƙasar da muke magana a kanta, turɓaya ce ta fi yawa. Dalili kuwa, in gulbi ya malala, rairayi mai nauyi yakan faɗi kusa da gaɓa. Turɓaya takan yi ɗan nisa kafin ta kwanta. Yumɓu, da yake ya fi su rashin nauyi, sai ya kai inda ruwa ya tsaya cik sa'an nan ya zauna.

Gani ya kori ji. Ku samo kwalba mai faɗin baki. Ku zuba ƙasa zuwa rabinta, ku cika da ruwa, ku rufe, ku girgiza sosai, ku ajiye. Cikin minti ɗaya rairayi zai kwanta a gindi. Bayan 'yan sa'o'i turɓaya za ta kwanta bisansa. Yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko fiye yana yawo cikin ruwa. Ku auna kaurin kowane sashe, za ku ga wanda ya fi yawa.

Akwai kuma gwajin hannu. Ku jiƙa ƙasa kaɗan, ku murza tsakanin yatsu. In tana kartar yatsa, rairayi ne. In tana da santsi, ba ta manne wa hannu sosai, turɓaya ce. Ku mulmula ta kamar igiya, ku lanƙwasa. Turɓaya za ta karye. Yumɓu zai lanƙwasu har ya yi zobe.

3. Me ya sa ruwa ke jinkirin fita?

Ƙasa ba a cushe take ba kamar dutse. Tsakanin ƙwayoyinta akwai 'yan kafofi. A ƙasar noma mai kyau, wajen rabin jikinta kafofi ne. Ruwa da iska su ke zaune cikin kafofin nan. In ruwa ya cika su duka, iska ta fita.

Ga dalilai huɗu da ke sa ruwa ya daɗe cikin ƙasar dakali:

Kafofin turɓaya ƙanana ne, ruwa a hankali yake ratsa su.

Dakali a shimfiɗe yake, ruwa ba ya samun gangaren da zai bi.

Sau da yawa akwai shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashi. Ruwan da ya sauka sai ya tsaya bisanta.

Da tsakiyar damana ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa, irin wanda muke gani ya hauhawa cikin rijiyoyin kwari. Ga kuma wanda ke tsatsowa daga jigawa.

A yankin Maraɗi ruwan sama wajen milimetir 500 ne a shekara, kuma watan Agusta ya fi kowane wata samunsa. A lokacin ne ƙasar dakali take cika. Bisanta yana iya bushewa, amma ƙarƙashi a jiƙe yake sharkaf har makonni.

To, saiwa tana numfashi kamar yadda mutum yake yi. In ta rasa iska kwanaki da yawa, sai ta daina shan abinci, ta soma ruɓewa. Abin da ya sami geron da muka ambata da farko ke nan.

4. Launin ƙasa yana ba da labari

Ko da rani ana iya gane ƙasar da ruwa ke daɗewa cikinta. A gina rami mai zurfin metir 1, a kankare gefe ɗaya, a duba daga bisa zuwa ƙasa.

Sashen bisa, inda garma ke kai, ya fi duhu, saboda taki da ruɓaɓɓen ganye. A ƙarƙashinsa launi yakan yi haske kaɗan. Sau da yawa, kafin a kai zurfin rabin metir, za a soma ganin dabbare-dabbare: nan toka-toka, can ja kamar tsatsa. Can ƙasa kuma launin toka ya fi yawa.

Ƙarfen da ke cikin ƙasa shi ke yin wannan zane. Kun san hauyar da aka bari waje takan yi tsatsa. Haka ƙarfen cikin ƙasa yake yi in yana samun iska, ya ba ta launin ja. In ruwa ya kori iska, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan juya ƙarfen, ya narke, ya bi ruwa. Inda ya tashi sai wurin ya yi toka-toka. In ruwa ya janye iska ta komo, ƙarfen ya sake yin tsatsa a inda ya taru. Saboda haka zurfin da dabbare-dabbaren suka fara, shi ke nuna inda ruwa yake kai da damana.

5. Wane aji take?

Manoman ƙasar Maraɗi sun daɗe da raba ƙasa uku: jigawa, geza da fadama. Geza ta fi jigawa tauri, tana yin ɓawo bayan ruwa. Ƙasar dakali ta ɗauko hali biyu: tana yin ɓawo kamar geza, tana riƙe danshi kamar fadama.

Masana ƙasa su ma suna da nasu rabo. Game da fitar ruwa, sun yi aji bakwai:

1. wadda ruwa ke wucewa da gaggawa ƙwarai
2. wadda ruwa ke wucewa da ɗan gaggawa
3. wadda ruwa ke wucewa daidai
4. wadda ruwa ke ɗan tsayawa can ƙasa
5. wadda ruwa ke jinkirin fita, har ya dami saiwa wani lokaci na shekara
6. wadda ruwa ke daɗewa kusa da bisa
7. wadda ruwa ke kwance kusan kullum

Jigawa tana cikin azuzuwan farko. Tsakiyar fadama da bakin tabki suna cikin na ƙarshe. Ƙasarmu ta yau tana aji na biyar.

Bayan wannan, masana sukan ba ƙasa suna. A tsarin da masanan Faransa suka fito da shi a 1967, ƙasar da ruwa ya bar alamarsa a jikinta ana ce mata hydromorphe. A 1998 aka fito da wani tsari na duniya duka. Cikinsa, ƙasar da kogi ya zuba bai daɗe ba, wadda ake ganin shimfiɗunta ɗaya bisa ɗaya, sunanta Fulubisol. Wadda ruwan ƙarƙashi ya rina toka-toka tun daga kusa da bisa, sunanta Gilesol. Kafin masani ya zaɓi suna, sai ya gina rami, ya murza ƙasa, ya dubi launi, kamar yadda za ku yi. A ƙasarmu, ma'aikatar binciken aikin gona ta INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana yin irin wannan bincike. Tana da reshe a Tarna, kusa da Maraɗi.

6. Yaya za a yi aikinta?

Ƙasar dakali ta fi jigawa riƙe abincin shuka da danshi. Wanda ya san halinta zai ci moriyarta damana da rani.

Zaɓen iri. Gero da gyaɗa ba su son jiƙa, a bar su ga jigawa. Dawa ta fi su jurewa, ita ta dace da dakali. Shinkafa kuwa a kai ta fadama, inda ruwa ke kwanciya.

Kunya. A yi kunyoyi masu tsawo, a shuka bisansu. Saiwa za ta sami iska ko da ƙarƙashi ya cika.

Hanyar ruwa. A gina 'yar magudana daga gona zuwa fadama, a yashe ta kafin ruwa ya sauka. A yi shawara da maƙwabta tukuna, don kada ruwan wani ya ɓata gonar wani.

Taki. Takin dabbobi da ruɓaɓɓen kara suna haɗa ƙwayoyin turɓaya su dunƙule, kafofi su buɗe. Suna kuma rage ɓawon da ke hana tsiro fitowa. In ɓawo ya yi, a fasa shi da hauya.

Haƙuri. Kada a shiga da garmar shanu ƙasa tana jiƙe sharkaf. Kada a bar dabbobi su tattake ta. In ta danne, kafofinta sun toshe ke nan.

Noman rani. Bayan damana ruwa yakan sauka, amma bai yi nisa ba. Rijiyar kwari ba ta kai ta tudu zurfi ba. Ana yin garka, a shuka tumatir, da albasa, da tattasai, da zogale. Sai dai a lura da ban ruwa. In ruwa ya yi yawa kuma ba shi da mafita, rana takan jawo gishirin ƙasa zuwa bisa. Za a ga fari-fari bisa kunya, shuka kuma ta tsumbure.

Mu riƙe

Dakalin kwari tsohon wurin malalar gulbi ne, yana tsakanin fadama da jigawa. Ƙasar da muka koya yau, turɓaya ce ta fi yawa cikinta. Ruwa yana jinkirin fita daga cikinta da tsakiyar damana. Ana gane ta da santsinta a hannu, da dabbare-dabbaren toka da tsatsa cikin rami. Tana aji na biyar cikin bakwai. Dawa, kunya, magudana da taki su ne abokan aikinta.

Tambayoyi

1. Yaya dakalin kwari ya samu?
2. Ku faɗi ƙwayoyin ƙasa uku. Wace ce ta fi ƙanƙanta?
3. Me ya sa gero yake yin rawaya a ƙasar dakali cikin watan Agusta?
4. Me ke kawo launin toka da na tsatsa cikin ƙasa?
5. Don me ba a shiga da garma in ƙasa tana jiƙe sharkaf?

Aiki

Ku rabu ƙungiya uku. Ƙungiya ɗaya ta ɗebo ƙasar jigawa, ɗaya ta fadama, ɗaya ta filin da ke tsakaninsu. Ku yi gwajin kwalba, ku zana abin da kuka gani cikin kaye. Ku nemi izinin mai gona, ku gina rami tare da malaminku, ku auna zurfin da dabbare-dabbare suka fara. In kun gama ku cike ramin, don kada dabba ta faɗa. Da kun koma gida, ku tambayi iyayenku sunan da ake kiran wannan ƙasa a garinku, da abin da kakanninku suke shukawa cikinta.