Fargabar Magana A Cikin Taro: Darasi Daga Teburin Wasa Zuwa Ɗakin Awo

Duk ranar awon ciki, bayan an gama lacca a ɗakin jira, ma'aikaciyar jinya takan tambaya ko akwai mai tambaya. Sau da yawa sai ɗaki ya yi tsit. A cikin matan da suka sunkuyar da kai ba a rasa wadda ta kwana uku da ciwon kai mai tsanani, ko wadda ta ji motsin ɗanta ya ragu. Ta fito daga gida da niyyar faɗa, amma da aka zo wurin sai gabanta ya faɗi, bakinta ya bushe, ta koma da maganarta a ciki.

Wani lokaci kunya ce irin ta al'ada, musamman ga mai cikin fari. Wani lokaci kuma abin ya wuce kunya, ya zama larurar da likitoci ke kira fargabar shiga mutane, wato matsanancin tsoron kada mutum ya yi magana a yi masa dariya ko a raina shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da larurorin fargaba iri-iri a duniya, mata sun fi maza yawa a ciki, kuma kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu ke samun magani.

A wannan fitowa za mu leƙa wani wuri da ba a saba jin sa a shafin lafiya ba, wato teburin wani wasa da ake yi a Amurka da Turai. Masu wannan wasa sun daɗe suna fama da irin wannan fargaba, sun kuma samo dabarun da za su amfani mai zuwa awo.

Wane irin wasa ne?

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, daga baya irinsa suka yawaita. Mutum huɗu zuwa shida ne kan zauna kewaye da tebur na tsawon awa uku ko huɗu. Ɗaya shi ne jagora, yana ba da labari kamar mai tatsuniya, sauran kuma kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labarin, wannan jarumi, wancan mai magani. In aka zo kanka, sai ka faɗi abin da mutumin naka zai yi ko zai ce, a jefa ɗan ludo mai fuska 20 a ga ko ya yi nasara. Ba caca ba ce, ba a sa kuɗi.

Ga mai fargaba, wannan zama jarrabawa ce. Idanu suna kansa, ana jiran ya yi magana nan take, yana tsoron kada ya karya doka ko ya ɓata wa abokai wasa. Wasu su yi shiru har a tashi, wasu su kwana suna bitar kalma ɗaya da suka faɗa, wasu su daina zuwa ko da yake suna son wasan. Wadda ta taɓa kasa ɗaga hannu a ɗakin awo ta san wannan hali.

Yadda fargabar ke aiki

Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, jiki yakan saki wani sinadari mai suna adiranalin. Shi ke sa zuciya bugawa da sauri, hannu ya yi gumi, murya ta yi rawa. A shekarar 1995 masana biyu a Ingila, David Clark da Adrian Wells, suka bayyana abin da ke sa wannan fargaba ta daɗe. Mai ita yakan mai da hankalinsa duka kan kansa, yana sauraron bugun zuciyarsa maimakon abin da ake faɗa. Sannan yakan kauce wa magana, ya samu sauƙi na ɗan lokaci, amma bai taɓa samun damar gane cewa abin da yake tsoro ba zai faru ba. Don haka kowane gudu ƙara wa tsoron ƙarfi yake.

Kuma mutane ba sa kallonmu yadda muke zato. A wani bincike da Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2000, an sa ɗalibai riga mai hoton da suke jin kunyarsa, aka tura su cikin 'yan uwansu. Sun zaci kusan rabin ɗakin zai lura da hoton, ashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne suka lura. A ɗakin awo ma kowace mace tana ta kanta ne, da nauyin cikinta da lambar layinta.

Dabarun da za ki ara

Ki sanar da jagora tun da wuri. Ƙungiyoyin wasa da yawa sukan yi zaman share fage kafin a fara labari, kowa ya faɗi abin da yake so da abin da ke masa wuya. Mai fargaba yakan gaya wa jagora ya riƙa ba shi lokaci. Ke ma, lokacin da ake auna miki jini ko nauyi, ki ce wa ma'aikaciyar jinya, "Sista, ina da magana amma ba zan iya faɗa cikin mutane ba." Hakkinki ne a saurare ki a keɓe.

Ki shirya maganarki daga gida. 'Yan wasa sukan rubuta jimla biyu ko uku da mutuminsu zai faɗa, don kada kai ya ɗaure. Ki rubuta tambayoyinki a takarda ki haɗa da katin awo. In ba ki rubutu, wani a gida ya rubuta miki. In baki ya ƙi buɗewa, sai ki miƙa takardar.

Ki gwada a gida. Kwaikwayo na daga cikin hanyoyin da masana halayyar ɗan Adam ke bi wajen maganin wannan larura. 'Yar uwarki ko maigida ya zama likita, ke ki faɗi damuwarki sau biyu ko uku. Abin da baki ya saba faɗa ba ya wuyar fita.

Ki fara da kaɗan. Sabon ɗan wasa ba ya fara da dogon jawabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko. Wannan dama ce har sau takwas. Yau ki gai da ta kusa da ke, wani zuwan ki yi tambaya ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ki san kina da ikon cewa a dakata. A teburin wasa akan ajiye kati mai alamar X, wanda John Stavropoulos ya ƙirƙiro. Duk wanda labari ya kai inda ba ya so, sai ya taɓa katin a wuce wurin, ba sai ya yi bayani ba. A asibitin koyarwa ɗalibai kan tsaya lokacin duba majinyaci. In hakan ya yi miki nauyi, ki faɗa, ba zai rage kulawar da za a ba ki ba.

In gaba ya fara faɗuwa, ki shaƙi numfashi a hankali ta hanci, ki fitar da shi a tsawon da ya fi na shaƙa, sannan ki mai da kunnenki kan mai magana. A rage goro da kofi da shayi mai kauri, domin suna ƙara bugun zuciya.

Aikin 'yan gida

Maigida da iyaye, cewa "kin cika tsoro" ba ya magani. Haka kuma amsa mata duk tambayar likita ba taimako ba ne. A raka ta, a bar ta ta fara magana da kanta, in ta manta wani abu sai a tuna mata.

Yaushe za a ga likita?

Waɗannan dabaru ba sa maye gurbin magani. In fargaba ta hana ki barci ko cin abinci ko zuwa awo, ko ta haɗu da baƙin ciki na fiye da mako biyu, ki sanar da likita. Akwai maganin tattaunawa da ƙwararru, akwai kuma magungunan da likita zai auna ya zaɓa wa mai ciki. Bugun zuciya kan zo daga ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo, don haka a yi gwaji. Kada ki sayi maganin barci a kemis, kada kuma ki daina wanda likita ya rubuta miki sai da saninsa. In tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki gaya wa wani na kusa, a kawo ki asibiti a ranar.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran ranar awo, ba a kuma jin kunyarsu: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, da raguwar motsin jariri. Ko murya na rawa, ki faɗa. Ma'aikacin lafiya ba zai san abin da ke damunki ba sai kin gaya masa.

Allah ya raba lafiya.